Gorunan Nafi'u

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da gwamnati ta ce kowane gida ya kai 'ya'yansa boko, aka kafa mana aji a rumfar kara kafin a gama ginin makaranta. Da aka tashe mu, Baba ya aike ni tafkin da ke gindin dutse, bayan ƙauyenmu ta hanyar Lausu, in duba masa ramar da ya jiƙa ko ta isa a ɓare ta. Iya ta ce in tafi da ƙanena Nafi'u ya sha iska, don tun safe yake zaune a bakin zaure yana kallon ƙafafun masu wucewa. Shan inna ya kama shi tun bai daɗe da fara tafiya ba, ya bar masa ƙafar dama kamar sillen kara, ta hagun ma ba ta iya ɗaukarsa. Na goya shi ina ƙunƙuni, na kai shi na ajiye a kan wani falalen dutse mai gangarawa cikin ruwa, na shiga ina ɗaga duwatsun da aka danne ramar da su. Ban ji faɗuwarsa ba. Juyowa kawai na yi na ga babu kowa a kan dutsen sai hularsa. Na kwasa da gudu ruwa yana riƙe mini ƙafa, na same shi a gefe inda babu zurfi, ya kafa hannuwansa biyu a ƙasa, kansa a waje, ƙafafun nan nasa suna lilo a bayansa a saman ruwa. Na cafke shi a hammata zan tsamo shi, sai ya ce da ni, cikin wata murya da ban san shi da ita ba: "Sake ni, Yaya. A nan ba ni da nauyi."

Gidanmu a lokacin gidan manoma ne, kowa da aikinsa tun daga asuba. In an sauko daga karatun allo na safe, ni ne mai yankan ciyawar awaki, ni ne mai kai taki gona a mangala, ni ne mai korar tsuntsu in gero ya yi kai. A kan wannan duka aka ɗora mini Nafi'u. Ni nake kai shi bayan gida, ni nake kai shi makarantar allo in dawo da shi, in ana biki a wata unguwa ni ne ƙafarsa. Iyayenmu ba su bar shi haka ba, sun yi iya abin da suka sani. An yi rubutu ya sha, an yi tofi, an yi turare, an gasa ƙafar da ruwan zafi da ganye har fatar ta yi duhu. Iya ta yi imani da cewa iska ce ta shanye masa ƙafa, kuma babban abin da take tsoro shi ne sanyi. Ko wanka za a yi masa sai an ɗumama ruwa, a lulluɓe shi da zane, a ajiye shi kusa da murhu. Kullum maganarta ɗaya ce: "Kada sanyi ya ƙara shigarsa." Duk da haka tari ba ya rabuwa da shi, ƙirjinsa kamar na ɗan tsako, tuwo kuwa sai an yi ta lallashi kafin ya ci loma uku.

Saboda haka ban gaya wa kowa abin da ya faru a tafki ba. Na shanya rigarsa a kan dutse ta bushe, muka dawo kamar ba a yi komai ba. Amma tun daga ranar Nafi'u ya hana ni sakat. In ya ga na ɗauki lauje zai ja jiki ya tare ni a soro, ya riƙe mini wando, yana roƙona da ido. Ni ma a farko abin ya yi mini daɗi, domin in na jefa shi a ruwa na huta da goyo, in je in yi langa da abokaina a kan yashi. Don kada ya nutse ina can, na saci goruna biyu cikin waɗanda Iya ta rataye a madafi, na toshe bakinsu da tsumma da ƙaro, na murza igiya daga ramar Baba na haɗa su. Igiyar takan bi ta ƙarƙashin ƙirjinsa, gorunan su taso ta gefen hammatarsa biyu, shi kuma ya yi ta jan ruwa da hannu. Muka samu wani kogo a jikin dutsen muna ɓoye su. Kafin a gama girbin dawa ya daina neman gorunan sai in ya gaji. Kafin zafi ya shigo ya iya nutso, yana shiga ta nan ya ɓullo ta can cikin ganyen bado, da saiwar a bakinsa yana dariya. Tafkin nan ido ne ke ciyar da shi daga ƙarƙashin dutse, ko da rani ba ya ƙafewa, ja da baya kawai yake yi.

Ni ba likita ba ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da idona ya gani ba wanda zai ƙaryata mini shi. Cikin shekara guda yaron nan ya zama wani mutum. Kafaɗunsa suka buɗe, damtsensa ya yi ƙwari, tarin ya tafi bai yi sallama ba. Yakan cinye tuwonsa ya leƙo ƙwaryata. Barci yake yi har sai an tashe shi salla. Da kansa yake kama wuyan jaki ya ɗaga jikinsa ya hau. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙafar hagu. A cikin ruwa yakan harba ta, a hankali da farko, daga baya da ƙarfi har tana tayar da kumfa. Wata rana na shigo gida na tarar da shi tsaye, ya jingina da rumbu, yana rawar jiki amma tsaye. Iya ta saki taɓarya ta yi ta hamdala, ta ce rubutun wani malamin Kibiya ne ya karɓe shi, ta sa aka kai masa zakara. Baba ya sassaƙa wa Nafi'u sandar dogarawa mai gwafa a sama, ya fara taka ƙafa daga rumbu zuwa ƙofar ɗaki. Ni da Nafi'u muka dubi juna.

Abin da ya ɓata mu, bakin yara ne da ƙaramar zuciyata. Abokaina suka sa masa suna Tarwaɗa, suna kuwa ya bi shi. In muka doso tafki ina goye da shi sai su hau tafi suna cewa ga Tarwaɗa nan a kan jakinta. A filin makaranta ma, lokacin tara, wani zai zo bayana ya yi kukan jaki a kunnena, aji ya kwashe da dariya. Na jure wannan. Amma ranar da aka sa tseren iyo daga falalen dutse zuwa tsamiyar da ke ɗaya gefen, ni da nake taƙama babu wanda ya kai ni a cikinsu, sai ga ƙanena gurgu ya wuce ni kamar ina tsaye, ya taɓa saiwar tsamiya ya juyo yana jirana. Bai yi mini gori ba. Murna kawai yake yi, yana so in yi murna tare da shi. Na goya shi muka kama hanya, jikinsa mai sanyi a manne da bayana, yana ta ba ni labarin yadda ake ajiye numfashi, ni kuwa haushi yana cina har gida. Ya yi nauyi a lokacin, nauyin lafiya, kuma hanyar tafki da nisa.

Da na shiga na tarar da Iya tana tankaɗe. Da na ce mata kawai muna zuwa ruwa, da duka za a yi mini, a tsawata, bayan kwana biyu mu koma. Na san haka, shi ya sa na zaɓi abin da na san ba za ta iya jurewa ba. Na ce mata Nafi'u yana daɗewa a ƙarƙashin ruwa fiye da yadda mutum zai iya, kuma na ji wata murya ta mace tana kiran sunansa daga ciki, yana amsawa. Rariyar ta faɗi daga hannunta. Baba mutum ne mai bincike, ya kira ni gefe ya dube ni ya ce: "Da kunnenka ka ji?" Na ce da kunnena. Ya sa ni gaba har kogon, na nuna masa gorunan, ya ɗora ƙafa ya fasa su ɗaya bayan ɗaya. Aka rataya wa Nafi'u sabuwar laya, aka ce ko rijiya kada ya ƙara matsawa kusa da ita. Ya rantse, ya yi kuka har muryarsa ta dushe, babu wanda ya saurare shi, don an ce wanda iska ta kama ba ya sanin abin da yake yi. Ni kuwa ba a hana ni ba. Mu masu ƙafa muka ci gaba da wankanmu, har da tsargiya muna fitsarin jini muna alfahari wai alamar girma ce. Wanda ruwan yake yi wa magani shi kaɗai aka raba da shi.

Ban daɗe ba na ga abin da na yi. Tarin ya dawo da sanyin shekarar. Ƙafar hagun ta fara lanƙwashewa a gwiwa, sandar Baba ta koma abin kore kaji, daga baya ta shiga murhu. Nafi'u ya koma bakin zaure, ya sa silifa a hannu yana jan jiki. Da damina ta zagayo na kasa daurewa, na je na durƙusa gaban Iya na ce ƙarya na yi, babu wata murya, haushin tsere ne. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka da tausayin ɗan'uwana, amma kada in ƙara yi mata ƙarya don in kai shi ga halaka. Na je wajen Baba, ya ce wanda ya rantse jiya ya warware yau, da wace maganar tasa za a kama? Ƙaryata ta zauna daram a gidanmu, gaskiyata ta rasa wurin zama, har Iya da Baba suka koma ga Allah.

Nafi'u ya yi rayuwarsa. Ya koyi ɗinkin hula, ya samu keken guragu mai tuƙi da hannu, ya kama rumfa a kasuwar Rano, ya yi aure ya haifi 'ya'ya masu gudu da ƙafafunsu. Bai taɓa ɗaga mini maganar da fushi ba. Sai dai in ana hira aka ce wani ya ji wani abu, yakan kalle ni ya ce a tambayi Yaya, shi ne mai kunnen jin abin da ke ƙarƙashin ruwa. A yi dariya, ni ma in yi, in koma gida in kasa cin abinci.

Bara jikinsa ya juya masa. Zaman shekaru ya tara masa ƙiba, hawan jini ya shigo, suga ya biyo baya. Kafaɗun da suka yi masa aikin ƙafa tun yana yaro suka gaji, har ya kai ba ya iya ɗaga kansa ya hau keken. Rumfar kasuwa ta rufe. Sallar Juma'a, da bai taɓa bari ta wuce shi ba, ta koma sai dai ya ji huɗuba daga lasifika yana kwance. Muka kai shi asibiti a birni. Likitan, wani yaro mai natsuwa sa'an ɗana, ya rubuta magani, sannan ya ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, dole jikin nan ya motsa, in ba haka ba zuciyar ce za ta gaza. Ya ce tafiya babu hali, kafaɗa kuma ba za ta ɗauki nauyi ba, wuri ɗaya ya rage inda mutum zai motsa duk gaɓoɓinsa ba tare da nauyinsa ya danne shi ba. Ya tambaya ko ya taɓa iyo. Nafi'u ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya nuna ni da haɓa ya ce: "Likita, tambayi Yaya."

Tun daga ranar ban zauna ba. Na fara da tafkinmu na gindin dutse, na tarar masu fasa dutse sun cinye rabin falalen, masu noman rani sun zura injin ban-ruwa sun tsotse idon, abin da ya rage taɓo ne da warin maganin feshi. Kududdufin bayan gari ya cika da leda da kwatar gidaje, ko agwagwa ba ta shiga. Na je bakin babbar hanyar ruwan noman rani, na ga gudun ruwan da santsin simintin gefensa, na san ko mai ƙafa ya faɗa sai Allah. Ɗana ya kai ni wani otal a birni mai wurin wanka, ruwa garau kamar a sha, amma matakala ce tun daga ƙofa, ga samari da waya a hannu suna ɗaukar hoton duk abin da ya motsa, ga nisa da ba za mu iya yi kowane mako ba. Na tsaya a bakin ruwan nan da babbar rigata kamar wanda ya ɓata hanya, har mai gadi ya zo ya tambaye ni wa nake nema. Ina dawowa Rano na wuce gidan Nafi'u na tarar ƙafafunsa sun ƙara kumbura, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse.

A ƙarshe wani masunci ya nuna mini wata gaɓa a bakin dam ta wajen Rurum, mai yashi, marar zurfi, inda suke jan komarsu. Na koma wurin likita na tambaye shi batun tsargiya, ya ce a kiyaye, a riƙa zuwa gwaji, yanzu akwai ƙwayar maganinta, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ruwa ko na ƙiftawar ido. Saura shi mai jikin. Nafi'u ya ce ba za shi ba. Ya ce ruwan da ya san shi ya ƙafe, shi kuma ba zai tuɓe riga da furfurarsa jikoki suna kallo ba. Matarsa ta ce in ji tsoron Allah, mutum yana fama da numfashi a kan katifa za a kai shi dam. Na yi ta zarya, safe da yamma, na roƙa, na haɗa shi da zumunci, na haɗa shi da kabarin Iya. Da na rasa abin faɗa, sai na shiga kasuwa na nemo goruna biyu, da ƙyar, don yanzu jarka ta kore su. Na toshe bakinsu, na murza igiyar rama da hannuna, na kai na ajiye a gefen katifarsa. Ya daɗe yana juya su. Sannan ya ce ƙullin nan bai yi ba, tun muna yara ban iya ƙulli ba, ya kwance ya sake ɗaurewa da kansa.

Muka tafi da hantsi a adaidaita. Inda hanya ta ƙare na durƙusa na ce ya hau, kamar da. Na yunƙura gwiwoyina suka ƙi, na sake yunƙurawa muka kusa kifewa tare. Masunta biyu suka ajiye koma suka zo suka ɗauke shi, ni da na goya shi shekara da shekaru ina biye da gorunan a hannu. Muka shiga har ruwa ya kawo mini ƙugu. Na zura masa igiyar a ƙirji, na tallafe shi a hammata, na ji jikin nan mai nauyi yana sauƙi a hannuna, ƙafafunsa suka taso a bayansa suna lilo. Ya ja ruwa da hannun dama, ya ja da na hagu, ya runtse ido don zafin kafaɗa, ya sake ja. Ina jiran ya faɗi abin da ya faɗa mini a tafki, na ma fara sassauta hannu. Sai ya damƙe mini wuyan riga, yana haki, ya ce a hankali: "Kada ka sake ni, Yaya."

Ban sake shi ba. Muna zuwa yanzu duk lokacin da jikinsa ya yarda da kuma lokacin da aka samu abin hawa, wani makon a je, wani makon numfashi ya hana. Matarsa ta ce ranar da muka je yakan yi barci, wannan kaɗai nake riƙe da shi. Kumburin bai tafi ba, bai koma kan kekensa ba, ga lokacin sanyi yana matsowa da za a daina shiga ruwa, ban kuma san a wane hali zafi zai same mu ba. A da ruwa yana bayan ƙauyenmu kyauta, yaron yana da ƙarfin da zai tsallake shi, ni ina da bayan da zan kai shi, na ƙi. Yau ina so da dukkan raina, ruwan ya yi nisa, bayana ya gaji, shi kuma iyakarsa inda hannuna ya kai. Jikokina suna wucewa da waya a hannu, babu wanda ya iya iyo a cikinsu, ba su san akwai tafki a gindin dutsen nan ba. Ni dai abin da nake roƙo bai da yawa: Allah ya ba mu rana ɗaya da zai ce in sake shi.